Na Je Masar Neman Barcin Surukina

Duk wanda ya ƙara ce mini tafiya mabuɗin ilimi ce, zan tambaye shi ko ya taɓa yin cara irin ta zakara a gaban Larabawa da furfura a gemunsa. Ni na yi. Kuma ba don kaina na yi ba, don surukina ne.

Sunana Sale, amma daga Funtua har Malumfashi in ba ka ce Sale Rediyo ba, babu wanda zai nuna maka shagona. Taki da maganin ciyawa nake sayarwa, ranar biki kuma ni ake miƙa wa lasifika. Mahaifiyata ta ce ranar da aka haife ni ungozoma ce ta fara gajiya da surutuna.

Baba Alhaji, mahaifin matata Uwani, manomi ne a Bakori, irin dattawan da in sun yi gyaran murya akuya kan daina tuƙa. Bayan kaka motar masararsa ta kife da shi a hanyar Funtua. Ya fito ko ƙwarzane babu, amma direban da ya daɗe yana ɗaukar masa kaya a gabansa ya cika. Tun daga ranar nan barci ya yi hijira daga idon Baba. Da ya lumshe ido sai ya ji motar tana juyawa da shi, ya zabura. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Wani ma'aikacin asibiti ya zo har gida ya ce akwai likitocin irin wannan ciwo a birni, a kai shi. To, a kai shi a cikin me? Baba ya kafe ba zai ƙara sa ƙafa a abin da ke da taya ba. Ko baro aka turo ta gabansa sai ya kau da kai. Mutum kamar rumbu ya koma kamar karan dawa, Uwani kuwa ta mai da gidana gidan makoki tun ba a yi mutuwar ba.

Ana cikin haka na ci karo da wani Balarabe a waya, yana ƙyasta yatsa ƙarti suna zubewa barci kamar buhunan da aka kwance wa igiya. Wai sunan abin hifnosis, wai ba tsafi ba ne, magana ce zalla, kuma yana koyarwa a Alƙahira. Na ce magana? Ai an zo gidanmu. Tun da majinyaci ya ƙi zuwa wurin magani, bari in je in ɗauko maganin a bakina. Na sayar da bijimin da nake kiwo, na faɗa wa 'yan majalisarmu su tanadi tabarmi, don in na dawo duk sai na kwantar da su.

Zangon farko, mai tasi. Na fito daga filin jirgi na tattaro Larabcina na Islamiyya na zuba masa, da wasali da komai. Mutumin nan ya yi dariya har ya kifa kansa a sitiyari, sannan ya kira wani abokinsa a waya ya ce in maimaita. Bayan ya gama nishaɗi da ni ya shiga zagaya gari. Mun yi ta haye kogin Nilu har na fara gane kifayen da fuska. Da ya ga na kusa suma ya ajiye ni ƙofar gidan da tun farko muka wuce ta gabansa.

Gidan Malam Idi ne, mutumin Malumfashi da ya je karatu tun yana saurayi ya maƙale, yanzu yana yi wa majinyatanmu tafinta a asibitoci. Ɗakinsa yana can ƙololuwar bene, na'urar hawa kuwa ta mutu tun zamanin Fir'auna. Na isa sama ina haki kamar jakin da ya hau dutse da mangala.

"Ciwon me ya kawo ka?" in ji shi.

"Ba ciwo, karatu. Zan koyi sa mutane barci."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Rediyo, da dai kai aka sa barcin, mutanen Funtua su samu lafiyar kunne."

Ya ba ni katifa, ya ba ni abinci, Allah Ya saka masa. Amma abincin nan wake ne. Da safe wake da burodi. Da rana wake an niƙa an soya an sake masa suna, kamar ba zan gane shi ba. Da la'asar ɗan'uwan wake. Cikina ya riƙa yin jawabin da ko ni ban iya ba. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka har na fara kallon bishiyoyin titi ina neman kuka a cikinsu.

Zango na biyu, makarantar Farfesa, wato Balaraben nan mai ƙyasta yatsa. A waya gini ne mai ginshiƙai. A zahiri ɗaki ne guda a saman shagon gyaran firji. Farfesa da kansa ya rina gashi baƙi wuluk, ga zobe a kowane yatsa, ga turare mai sa hawaye. Ya sayar mana da littattafai, kowanne da hoton ido ƙuru-ƙuru a bangonsa. Na zauna na karanta su da Turancina na sakandare. Gaskiya ba su ɓoye komai ba: yadda za ka tsaya a dandamali, yadda za ka ɗaga murya, yadda za ka tsamo daga cikin taro mutanen da dama can suna son a kalle su, ka sallami masu taurin kai tun da wuri. Na ce to, ni da nake da mai taurin kai guda ɗaya tak, in na sallame shi wa zan kwantar?

Ranar gwaji Farfesa ya kai mu wani ɗakin taro cike da jama'a. Ya kira mutane dandamali, ya haɗa da ni. Ya kama kafaɗata, ya zuba mini ido, ya daka tsawa. Ni ban ji komai ba sai warin albasa. Sai ya sunkuyo kunnena ya yi raɗa da Turanci: "Ɗan'uwana, ka rufa mini asiri. Kai zakara ne."

Jama'a sun zuba ido. Ni kuwa Allah Ya jarrabce ni da ciwon da ba na iya ganin taro in bar shi ba dariya. Na buɗe hannuwan babbar rigata, na miƙa wuya, na yi cara. Ba ƙaramar cara ba, irin ta zakaran gidan gona da ya ga shaho ya wuce. Ɗaki ya ɗauka. Wata tsohuwa ta faɗo daga kujera. Sai da na sauko na tuna ina da 'ya'ya mata da suka isa aure, kuma kowa a ɗakin waya ce a hannunsa.

Washegari ya ba ni takardar shaida mai ruwan zinariya. Na ce masa takarda ba ta sa barci, na kwashe labarin Baba na gaya masa.

"Mai sauƙi," in ji shi. "Ka tsaya a kansa. Ka kalle shi tsakiyar ido. Ka kira sunansa da ƙarfi, ka ce masa: yi barci."

"In kira sunan wa?"

"Sunan tsohon."

Na ce Farfesa, tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin launin ƙwayar idon mutumin nan ba. Tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi. A tsugune nake gaishe shi, ina kallon ƙasa kamar na yar da allura. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Sunansa kuwa, akwai mai shago kusa da ni da suke suna ɗaya, shekara da shekaru "Maƙwabci" nake ce masa. In na tsaya a kan Baba na kira sunansa na ba shi umarni, shi ba zai yi barci ba, ni ne zan kwana a titi ba mata.

Farfesa ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan sai a darasi na gaba, shi kuma da kuɗinsa daban. Na sauko na bar shi da firjinsa.

Zango na uku ba wuri ba ne, waya ce. Ina zaune a barandar Malam Idi da la'asar, gari ya yi zafi kamar tanda, sai Uwani ta kira. Ta ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a sahun Azahar, an kamo shi zuwa gida. Ta ce da ya farfaɗo ya tambaya, "Ina mijin Uwani, kwana biyu gari ya yi shiru?" Ina shirin ba ta amsa sai na ji wata ƙara a bayanta.

"Mene ne wannan?"

"Ruwa ne, Malam. Ruwan farko ya sauka."

Na ce ta ɗaga wayar sama ta yi shiru. Na zauna a ƙasar da ba a san hadari ba ina sauraren ruwa yana dukan kwanon ɗakin surukata, har ina jin ƙamshin ƙasar a hancina. Bijimina ya tafi, mutuncina ya tafi da cara, Baba yana ƙarewa, abin da na samu kawai takarda ce mai kyau da fifita. Malam Idi ya fito ya tarar da ni ina share ido. Na ce masa waken ne. Ya koma ciki ya jima, sai ga shi da kwano. Ashe yana da ɗan garin kuka da yake ɓoyo don ranar Sallah. Ya tuƙa tuwo da garin da ya samu, ya kaɗa miya. Ba daddawa, ba man shanu, amma har yau ban ci wanda ya fi shi ba.

"Ci ka wanke hannu," in ji shi. "Gobe zan kai ka inda ya kamata ka fara zuwa, da kana tambaya kafin ka yi magana."

Zango na huɗu, Dakta. Tsohuwa ce 'yar firit, likitar ƙwaƙwalwa a wani asibiti da Malam Idi ke kai mutane. Na zube mata littattafan Farfesa a tebur ina jiran yabo. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Waɗannan na wasa ne," in ji ta, Malam Idi yana juya mini. "Ba haramun ba ne mutum ya koyi wasa. Amma wanda ya ga mutuwa da idonsa ba a yi masa tsawa. Kuma kai ba likita ba ne, ba za ka zama ba kafin jirginka ya tashi. Aikinka ɗaya: ka kwantar masa da hankali har ya iya isa ƙofar likita. Daga nan ka ja bakinka."

"Dakta, wannan na ƙarshen ne mai wuya," in ji Malam Idi, ba wanda ya tambaye shi.

Ta ce littafi uku zan nema, kuma a jere zan karanta. Na fari wanda ke bayanin abin da firgita ke yi wa jiki, don in san Baba ba taurin kai yake ba. Na biyu ƙarami ne, kan numfashi da sauraro. Na uku babban littafin masu jinya da magana, shi ma wasu babuka ta ware mini, ta ce sauran in na taɓa ba ta yafe ba. Ta kuma ce ba a yi wa mutum wannan aiki a ɓoye, sai ya sani ya yarda.

Na kawo mata maganar surukuta ina jiran ta ɗaga kafaɗa irin ta Farfesa. Sai ta gyara tabarau.

"To in kana da buƙata wurinsa, yaya kake yi?"

"Sai in sami wani a wurin in gaya masa, Baba yana ji. Shi ma ya ba wancan amsa, ina ji."

Ta yi dariya har ta buga tebur. Ta ce akwai babi guda a babban littafin da ba ya koyar da komai sai wannan: ka yi magana da wani, wanda kake nufi yana gefe yana saurare, ba a kalle shi ba, ba a umarce shi ba, sai maganar ta shige shi ba gardama. Ta ce ɗalibanta kan daɗe ba su iya ba. Wato na sayar da bijimi, na haye sahara, na ci waken da zai ishi barikin soja, don a gaya mini abin da nake yi a zauren Baba tun ina ango.

Sai dai ban tsira ba. Ta sa ni gwaji a kan Malam Idi, ta ce in yi magana a hankali, in riƙa yin shiru tsakanin zance da zance har ya ja numfashi ya sauke. Ni, Rediyo. Shirun nan ya fi mini hawan benen Malam Idi wuya. Ina buɗe baki ta ɗaga yatsa. Ina ƙara murya ta ɗaga yatsa. Na sako ɗan barkwanci ta nuna mini ƙofa. Na yi ta zarya wurinta har na fara mafarkin yatsan.

Littattafan kuwa a kasuwar tsofaffin littattafai na same su, wurin wani dattijo mai tari. Ya hau tsani ya sauko ya ƙara hawa, ya ba ni shayi, da ya ji don wa nake nema ya tura mini ƙaramin ya ce in kai wa tsohon, sadaka ce. Na kwana biyu ina fama da su da ƙamus na waya. Babban ya ce a sa majinyaci ya tuna bakin teku da ƙarar igiyar ruwa. Baba da ko dam ɗin garinmu bai yarda da shi ba. Na koma wurin Dakta da ƙorafi, ta ce, "To ka kai shi inda ransa yake kwanciya. Kai ka san wurin, ba littafi ba."

Don haka mai son wannan ilimi, ga shawarar wanda ya ji a jikinsa. Duk littafin da ka ga ido a bangonsa, na gidan biki ne, ka karanta shi daga ƙarshe in kana da taron da za ka ba dariya. Wanda zai amfani marar lafiya ba shi da hoto, ba shi da daɗin karatu, kuma kowane shafi sai ya tuna maka kai ba kowa ba ne.

Zangon ƙarshe, zauren Baba. Na tarar dawa ta kai gwiwa, Baba kuwa ya ƙara zubewa, idanu sun faɗa kamar rijiyar rani. Uwani ta yi masa bayanin komai. Ya ce, "Shi zai sa ni barci? Mutumin da ke hana unguwa barci? Ya zo ya yi abinsa, ni dai ba ruwana da shi."

Na zaɓi ranar Juma'a da hantsi, lokacin da Tanimu wanzami ke zuwa yi masa aski, don duk duniya shi kaɗai ke iya kama kan Baba ya ce sunkuya ya sunkuya. Na ja Tanimu gefe na ce in ya gama ya ninke askarsa, ya ci gaba da shafa kan da ruwa, ni kuma zan riƙa yi masa hira.

"Hirar me?"

"Ta gona."

"Ni da ba ni da gona?"

"Kai dai ka riƙa cewa haka ne."

Juma'ar farko na ɓata aikin da kaina. Na fara lafiya lau, sai Tanimu ya tambaye ni abincin Masar, kafin in farga na kai ga labarin zakara, har da gwadawa. Baba ya yi dariya har da tari. Uwani ta ce tun ranar hatsarin ba a ga haƙoransa ba. Amma barci ko gyangyaɗi. Na koma gida ina ganin yatsan Dakta a gabana.

Da wata Juma'ar ta zo na tsuguna a inda na saba, gefen ƙofa, fuskata wajen Tanimu, bayana rabi ga Baba. An yi yayyafi da safe, indararo yana ɗiga.

"Tanimu," na ce, "ka san gonar nan ta bakin rafi."

"Haka ne."

Na yi shiru har na ji Baba ya sauke numfashi.

"In mutum ya bi ta da ƙafa bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa tana karɓar sawunsa a hankali. Ba sauri. Ba wanda ke jiransa."

"Haka ne."

Na bi da shi cikin gonar da baki, daga wannan kunya zuwa waccan. Ganyen dawa yana goga masa hannu. Ya isa gindin ɗorawar nan ya jingina. Ƙasa tana nan inda take, ba ta motsi, ba ta juyawa. Can nesa ruwa yana sauka a kan kwano, irin wanda na ji a waya. Kowace magana in ajiye ta in jira. Zufa ta jiƙa mini riga saboda barkwanci uku da suka zo mini har maƙogwaro na haɗiye su.

Sai na ji "haka ne" ta daina zuwa. Na ɗaga ido, barci ya kwashe Tanimu, baki buɗe, hannunsa a kan Baba. Raina ya ɓaci, na ce wannan wanzami ya shanye maganin da ba nasa ba. Sai na ji minshari na biyu, mai kauri, daga ƙasa. Ranar na fara kallon fuskar surukina sosai. Ashe yana da tabo a gira.

Har aka dawo daga masallaci bai motsa ba, liman da kansa ya ce kada a tashe shi. Uwani ta tsaya bakin ƙofa tana kuka ba sauti, tana yi mini alama da hannu wai in ci gaba. In ci gaba da me, bakina ya bushe kamar soso?

Haka muka yi ta yi, wata rana a dace, wata rana ya zabura a tsakiya mu koma farko. Sai da dawa ta fara fitar da kai ya aiko a gaya mini a nemo mota. Ya shiga gaba yana salati, ni da Uwani a baya. Muna dosar kwanar da abin ya faru na ga wuyansa ya sandare, ya damƙe ƙofa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce a tsaya, mu koma gidan jiya.

"Direba," in ji Baba, "gaya wa mijin Uwani ya kunna rediyon nan nasa. Ba tashar zakara ba. Ta gonar."

Na dubi ƙeyar direba na ce, "Direba, ka san gonar nan ta bakin rafi."

"Wace gona, Alhaji?"

"Ka ce haka ne, ka kalli hanya."

Ban san lokacin da muka wuce kwanar ba. Baba ma bai sani ba.

A asibiti likita ya duba shi, ya yi tambayoyi, ya ce za a ɗora shi kan jinya kuma da yardar Allah zai warke. Sannan ya tambaya ko akwai wani magani da ake ba shi a gida da ya sa ya fara samun barci. Na gyara zama. Na ce yau za a ambaci Masar, da Dakta, da littattafai, da bijimina.

"Babu wani magani," in ji Baba. "Wani surukina ne Allah Ya hore wa zance marar daɗi. In ya fara, ko aljani sai ya yi barci."

Likita ya waiwayo yana neman surukin. Ina tsugune a bakin ƙofa, takalmina a hannu, idona a ƙasa.

Na ce, "Godiya nake, Baba."